Kurakuran da ɗalibai ke yawan yi kan yadda feftaid ke kashe bakteriya

Duk ƙarshen zango, idan na zauna duba takardun yaran da nake wa ƙarin darasi a nan Jos, akwai amsar da har na haddace ta: wai feftaid mai kashe ƙwayoyin cuta aikinsa ɗaya da fenisilin. Sam. Fenisilin hana bakteriya gina bangonta yake yi, shi ya sa sai tana girma tana rabuwa yake cin ta. Yawancin feftaid kuwa tantanin da ke bayan bangon suke nema. Su huda shi, kayan ciki su tsiyaye, cikin 'yan mintuna ƙwayar ta mutu.

Babban kuskuren shi ne a zana ramin da kyau, a kasa faɗin abin da ya kai feftaid wurin. Wata ɗaliba ta zana mini shi da biro kala uku, na ce, "To, me ya hana shi huda jikinki?" Sai ta yi shiru tana tauna murfin biro. Amsar caji ce. Feftaid gajeriyar sarƙa ce ta amino asid (tubalan da ake gina furotin da su), galibi 10 zuwa 50, mai cajin fozitif. Fuskar bakteriya negatif ce, sai ta jawo shi kamar maganaɗisu. Fuskar ƙwayoyin jikinmu ba ta da wannan caji sosai, ga kolestarol yana ƙara mata ƙarfi. Sannan ɓangare ɗaya na feftaid yana son ruwa, ɗayan yana son mai, kamar sabulu. Da ɓangaren man yake nutsewa cikin tantanin. Wanda ya rubuta wannan ya ci rabin makinsa.

Hanyar hudawar ma ba ɗaya ba ce. Wasu jeruwa suke kamar katakon ganga su buɗe rami, wasu su lanƙwasa tantanin ciki, wasu su shimfiɗu a kansa kamar darduma har ya wargaje. Akwai kuma waɗanda ba ruwansu da rami: buforin shigewa yake ya kama DNA. Nisin, wanda ake sa wa abinci don kada ya lalace, yana kama lifid II, tubalin ginin bango.

Kada a ce a ɗakin gwaji aka ƙirƙiro su. A 1987 Michael Zasloff ya samo magainin a fatar wani kwaɗon Afirka, jikinmu ma yana yin LL-37 da difensin.

Kada kuma a rubuta cewa ba sa cutar da mutum. Melitin na dafin ƙudan zuma yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kolistin kuma, wani feftaid da ake bayarwa a matsayin magani, yana taɓa ƙoda.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne "bakteriya ba ta iya bijire musu". Tana iyawa, kuma ta wannan cajin dai. Bakteriyar Staphylococcus aureus tana liƙa laisin, wani amino asid mai cajin fozitif, a tantaninta don ta rage negatif ɗin, feftaid ya zo bai sami wurin kamawa ba. A 2015 aka ba da rahoton ƙwayar gado mcr-1 a Sin, wadda ke sa kolistin ya kasa aiki, kuma tana tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata. Masu ɗirka wa kaji magani ba tare da likitan dabbobi ba, masu ƙara wa wannan bijirewa ƙarfi, da ku nake.

Ga masu furojet: idan feftaid ɗinku ya ƙi aiki a gwaji, ku fara duba gishirin ruwan da kuka yi amfani da shi. Gishiri mai yawa yana shiga tsakanin cajin biyu.