Yadda za ku naɗi album ɗinku da ɗan abin da ke aljihu, irin na Ramones

Jiya a fadarmu ta Boukoki wani ƙanena ya sake kawo kukan da na gaji da ji, wai su sun shekara 2 suna da waƙoƙi amma babu mai zuba musu kuɗi. Na ce ajiye kofin shayin nan ka saurara, bari in ba ka labarin samari 4 na Queens a birnin New York, 'yan ƙungiyar kiɗa mai suna Ramones, waɗanda suka shiga sitidiyon Plaza Sound farkon shekarar 1976 suka fito da album cikin kamar kwana 7 da dala 6,400 kacal, kuɗin da ko a wancan zamanin ba komai ba ne a harkar. Waƙa 14, duka ba su cika minti 30 ba. Kamfanin waƙoƙi na Sire Records ya fitar da shi ranar 23 ga Afrilu 1976.

Abu na farko, kada ku taka ƙofar sitidiyo sai waƙoƙin sun zauna muku a hannu. Su Ramones sun daɗe suna buga waɗannan waƙoƙin a wani ɗan kulob mai suna CBGB tun 1974, shi ya sa da suka shiga naɗi babu tsayawa ana gardama. Ku kuwa sai ku biya awa sannan mai gita ya fara neman kiɗan, mai ganga yana amsa waya, kafin ku ankara kuran ya ɗauke kun koma gida da rabin waƙa. Ku yi repetisyon a zaure ko a gareji har maƙwabta su haddace, sannan ku tahi.

Sai yanke kitse. Waƙarsu mafi tsawo da ƙyar ta wuce minti 2 da rabi, kuma Johnny mai gitarsu hannunsa ƙasa kawai yake bugawa da sauri, babu dogon solo na nuna gwaninta. Dee Dee mai bas ɗinsu ya ƙirga 1, 2, 3, 4 da ƙarfi, kowa ya faɗa ciki. Na san mu nan kunnenmu ya saba da gitar Agadas mai jan zare, kuma wallahi ina sonta, ban ce ku bar ta ba, amma in kuɗin awa 3 gare ku to kowace waƙa ta faɗi maganarta ta sauka.

Wajen haɗa sauti ga wata dabara da Craig Leon, wanda ya jagoranci naɗin, ya yi da su: gita a kunne guda, bas a ɗaya kunnen, ganga da murya a tsakiya. Sa ekuter ka cire na hagu, sannan ka mayar ka cire na dama, za ka ji kowane da gidansa. Wannan yana taimakon mai ƙaramin kayan aiki sosai, don sautuka ba sa hawa kan juna su zama kunu. Ku ce wa injiniyanku ya gwada, in ya fara zuba muku eko kamar na sanarwar biki ku riƙe masa hannu.

Hoton bango ma kada ya ci muku jikkuna. Nasu baƙi da fari ne, Roberta Bayley ta ɗauka, su 4 jingine da bangon bulo cikin rigunan fata da wandon jin yagagge. Bangon laka na unguwarku da hasken la'asar sun isa.

To saura haƙuri, nan ne ƙanen nawa ya ɓata rai. Album ɗin bai yi kasuwa ba da farko, lamba 111 ya tsaya a jerin album masu kasuwa na mujallar Billboard, kuma sai 2014 ya kai matsayin zinariya a Amurka, wato an sayar da kofi 500,000, shekara 38 ke nan. Amma da suka je Landan a Yuli 1976 suka buga a gidan wasa na Roundhouse, samarin Ingila da ke ta fafutukar kafa nasu ƙungiyoyin sun ga ashe ba sai ka zama gwani ba. Mu ma muna da namu misalin, Mdou Moctar mai gita ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta fari, waƙoƙinsa kuma ta Bluetooth da kart memuwar suka yi yawo kafin Turawa su san sunansa. Don haka ranar da kuka gama ku tura wa masu sa waƙa a waya na Grand Marché da 'yan kabu-kabu da direbobin tasha, ku sa sunan ƙungiyar a jikin kowane fayil don kada ya yi yawo babu uba.