Yadda ake yanke shawarar harbi ko haƙura a gaban dabba mai haɗari

A farautar ɓauna, zaki, damisa, giwa ko dorina, harsashin farko kaɗai ne yake hannun maharbi, domin shi yake zaɓar lokacinsa da tazararsa da gurbin da zai shiga. Duk harbin da ya biyo baya dabbar ce take zaɓa masa, kuma dabbar da ta ji rauni ba ta tsayawa a fili, sarƙaƙiya take shigewa ta jira mai binta. Saboda haka idan saiti ya yi wuya, samun dabbar kawai bai isa hujjar harbi ba, sai mutum ya tabbata wannan harsashi zai kashe ta cikin ɗan lokaci. Matakan da ke tafe na wanda yake farauta bisa doka ne, da lasisi a hannu da ƙwararren jagora a gefensa.

Mataki na farko: ka san iyakarka tun kafin ka shiga daji

Mutumin da ya kwana shida yana bin sawu cikin rana, sannan ya hangi ƙahon da ya zo nema, zai iya gamsar da kansa cewa kowane irin harbi mai yiwuwa ne. Shi ya sa a wurin gwaji ake yanke wannan hukunci, lokacin da hankali yake kwance. Ka kafa allo mai faɗin kamar santimita 20, ka harbe shi a tsaye, bindiga tana bisa gwafa, da ainihin harsashin da za ka yi farauta da shi, kuma bayan ka yi tafiya da sauri har numfashinka ya ɗaga. Tazarar da kake saka harsashi biyar a jere cikin allon ba tare da kuskure ba, ita ce iyakarka. Yawancin harbin ɓauna a ƙasa da mita 100 ake yinsa, don haka wanda iyakarsa ta tsaya a mita 60 ba shi da abin jin kunya, matsawa kusa kawai zai koya.

Kada girman bindiga ya ruɗe ka. Harsashin .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, shi ne ƙasashe da dama na Afirka suka ɗauka a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a tunkari irin waɗannan dabbobi da shi. Nauyinsa kusan giram 19 ne, yana fita da gudun kusan mita 770 a sakan, amma duk da haka idan ya sauka a tumbin ɓauna mai nauyin kilo 700, tafiyarta za ta yi da shi. Bindigar da tokarinta ya sa kake runtse ido kafin ka ja kunama ta fi ƙarfinka, komai sunanta.

Mataki na biyu: ka tabbatar da abin da kake gani da abin da ke bayansa

Baƙin abu a cikin duhuwa ba abin harbi ba ne. Dole ka ga isasshen jikin dabbar har ka san namiji ne ko mace, tsoho ne ko mai tasowa, kuma ko akwai ɗa a gefenta. Doka ma tana da ruwa a nan: a Tanzaniya, alal misali, ƙa'idar farautar zaki ta ƙayyade shekarun da namiji zai kai kafin a harbe shi. Sannan ka duba bayan dabbar, domin sandararren harsashi irin wanda ba ya buɗewa yana iya ratsa ɓauna ya shiga wata da ke tsaye a garke, ka wayi gari da raunanniyar dabbar da ba ka ma san ka taɓa ba.

Mataki na uku: ka nemo hanyar da harsashi zai bi zuwa zuciya da huhu

Nan ne mafi yawan shawarar take, kuma nan ne na fi so mai karatu ya daɗe. Fatar dabba ƙofa ce kawai, abin da kake nufi yana can ciki, kuma gurbin da za ka saita a waje yana canjawa duk lokacin da dabbar ta juya.

Idan ɓauna ta ba ka haƙarƙarinta sosai, ka bi ƙafar gaba da ido zuwa sama, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Can ne saman zuciya da manyan jijiyoyin jini suke, huhu kuma yana kewaye da su, ta yadda ƙaramin kuskure ma ba zai fitar da kai daga wuri mai kisa ba. Wannan shi ne harbin da ya cancanci a jira shi. Idan ta ɗan juya tana nisantarka, sai ka nufi kafaɗar da ke can ɗaya gefen, amma ka lura da ɓangaren da ta ba ka: tumbi a hagu yake, cike da jiƙaƙƙiyar ciyawa mai cinye ƙarfin harsashi, don haka juyin da ya yi yawa ta hagu abin bari ne. Idan ta fuskance ka, gurbin ya ragu ƙwarai, harsashin da ya kauce kaɗan zai bi tsakanin kafaɗa da haƙarƙari ya wuce bai taɓa huhu ba, in kuma ta sauke kai ƙaho ya rufe ƙirjin gaba ɗaya. Harbi daga baya kuwa, ta wajen cinya, ba harbin farko ba ne ko kaɗan.

A zaki, geza ce take yaudarar ido, tana ɓoye kafaɗa har mutum ya zuba harsashi cikin gashi. A giwa, ƙwaƙwalwa ƙarama ce idan aka kwatanta da girman kan, tana kwance a tsakanin ramukan kunnuwa biyu, kuma idan giwar ta fuskance ka, wurin saiti yana hawa ko sauka gwargwadon yadda ta ɗaga kai da yadda kuke kusa. Masu son harbin ƙwaƙwalwa sukan kafa hujja da W.D.M. Bell, wani maharbi ɗan Scotland wanda ya kashe giwaye sama da 1,000 a farkon ƙarni na 20, akasarinsu da ƙaramar bindiga mai harsashin milimita 7. Abin da suke mantawa shi ne mutumin ya sa an tsaga ƙoƙon kan giwa ya yi nazarin cikinsa, kuma ya yi ta maimaita aikin shekara da shekaru. Wanda yake gaban giwarsa ta farko ba shi da wannan jari, zuciya da huhu sun fi masa.

Mataki na huɗu: ka duba abin da ke tsakaninku

Reshe mai kaurin yatsa yana iya karkatar da harsashi, kuma madubin saiti yakan ɓoye rassan da ke kusa da bakin bindiga, don haka ka ɗaga ido ka duba hanyar da idonka. Dabbar da ke tafiya, ko wadda rabin jikinta ke cikin inuwa, ka jira ta tsaya.

Mataki na biyar: ka lissafa abin da zai faru idan harbin ya ɓaci

Ɓauna tana iya gudun da ya haura kilomita 50 a awa, wato kusan mita 14 a kowane sakan, ma'ana daga mita 30 sakan biyu ne tsakaninku, da ƙyar ya ishi mutum ya sake ɗura harsashi. Zaki ya fi ta sauri a gajeren zango, damisa kuma, ƙi-sabo, idan ta ji rauni takan lafe har sai an zo daf da ita. Ka dubi inda dabbar za ta gudu: idan sarƙaƙiya tana taki goma daga gare ta, can za ku bi ta. Ka dubi rana, domin bayan harbi akan dakata aƙalla rabin awa kafin a ɗauki sawu, kuma harbin da za a iya yarda da shi da hantsi ya zama ganganci daf da faɗuwar rana.

Sannan ka tuna wanda zai kasance a gaba. Mai bin sawu ne, kansa a sunkuye yana duban jini, sau da yawa ba bindiga a hannunsa. Idan kuma dabbar ta ɓace muku, wanda zai yi karo da ita gobe wani ne da bai san an yi farauta ba. A wurare da yawa dabbar da aka raunata ana lissafa ta a lasisi kamar an kashe ta, amma a ganina wannan ita ce mafi ƙanƙantar asarar da ke ciki.

Mataki na shida: ka saurari jikinka, ka kuma faɗi gaskiya

Idan alamar saiti tana yawo tana fita daga gurbin, ko ka ji kana gaggawa don kada dabbar ta tafi, ka ɗauke yatsa daga kunama. A irin wannan lokaci ne zuciya take raɗa wa mutum cewa a bari ya huce shi ke kawo rabon wani, alhali dabbar da ta tafi lafiya ana iya sake samunta. Idan jagora ya ce kada ka harba, magana ta ƙare. Idan ya ce ka harba kai kuma ba ka ga gurbin ba, ka gaya masa ba ka gani, domin daga inda yake tsaye yana iya ganin abin da reshe ya tare maka.

Wannan lissafi duka yana juyewa a hali biyu: idan dabbar ta riga ta ji rauni, ko idan ta taso muku. A nan duk harbin da ba zai sami mutum ba ya halatta, kuma a ci gaba da shi har ta kwanta, sannan a tunkare ta ta baya da bindiga a shirye.

Idan ka zaɓi haƙura, ka mayar da sakatar bindiga, ka sanar da jagora da ƙaramar murya, ku ja da baya a hankali ba tare da gudu ko juya wa dabbar baya ba. Ku lura da inda iska take kaɗawa don kada ta kai mata warinku, ku sa alama a inda sawun ya nufa, ku dawo ku ɗauke shi da sassafe.