Yadda ake tsara yawon keke a tsibirin Mayorka da garuruwan bakin tekunsa

Mayorka tsibiri ne na ƙasar Sifaniya da ke cikin Bahar Rum, girmansa kimanin murabba'in kilomita 3,640, kuma kowace shekara daga watan Fabrairu zuwa Mayu titunansa kan cika da mahaya kekunan tsere daga ƙasashen arewacin Turai. Abin da ke jawo su shi ne tsibirin ya haɗa shimfiɗaɗɗen fili a tsakiya, da jerin tsaunukan Tramuntana a arewa maso yamma, da garuruwan bakin teku waɗanda ba su da nisa da juna. Duk wanda ke shirin zuwa ya riƙe ƙa'ida ɗaya tun kafin ya buɗe taswira: a Mayorka yawan hawan da ke cikin hanya ake fara tambaya, sannan a tambayi tsawonta, domin kilomita 40 a arewa na iya gajiyar da mutum fiye da kilomita 90 a fili.

Aikin farko shi ne zaɓen masauki, kuma shawarar da ta fi dacewa ita ce a zauna a gari ɗaya ana fita ana dawowa, maimakon a ɗauki kaya ana zagaya tsibirin. Port de Pollença da Port d'Alcúdia, waɗanda ke arewa, sun fi ko'ina dacewa da wannan, saboda fili yana bayansu, tsauni yana gefensu, kuma akwai shagunan hayar keke da masu gyara da yawa. Port de Sóller gari ne mai kyawun gani, amma tsaunuka sun yi masa zobe, ta yadda duk inda mahayi ya nufa sai ya fara da hawa, don haka bai dace da sabon shiga ba. Game da lokaci kuwa, Maris zuwa Mayu da kuma ƙarshen Satumba zuwa Oktoba su ne zaɓi. A Yuli da Agusta zafi yakan haura digiri 30, ga cunkoson motocin masu yawon buɗe ido.

Wanda zai yi hayar keke ya nemi a ajiye masa tun da wuri, ya faɗi tsawonsa daidai, sannan ya tabbatar keken yana da giya mai sauƙi ta hawan dutse, wato ƙaramin faranti na gaba mai haƙora 34 da babba na baya mai haƙora 30 ko 32. Kafin ya bar shagon ya gwada birki, ya duba sarƙa da tayoyi, ya sa a daidaita masa sirdi. A aljihu ko a jakar ƙarƙashin sirdi a samu robar cikin taya guda biyu, da kayan faci, da ƙaramin famfon iska, da 'yar riga mai tare iska, da ɗan tsabar kuɗi na yuro. Gorar ruwa biyu ake ɗauka, ko da gari ya waye da sanyi.

Dokokin Sifaniya a kan mahaya keke ba su da wuyar kiyayewa. Ana tafiya a hannun dama. Hular kwano wajibi ce a titunan da ke wajen gari, an hana sa abin sauraren kiɗa a kunne, kuma dole a kunna fitila da dare da kuma cikin ramukan da aka huda a jikin duwatsu. An yarda mutum biyu su jera, amma su koma layi ɗaya a inda ba a hangen gaba sosai ko kuma idan motoci sun taru a bayansu. Direba kuma doka ta ce ya bar tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi idan zai wuce mai keke. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112.

Ranar farko a ba fili. Daga Port de Pollença titi yana bin bakin ruwa har zuwa Alcúdia, tsohon gari mai ganuwa ta ƙarni na 14, wanda a gefensa akwai kufan Pollentia, birnin da Rumawa suka kafa bayan sun ci tsibirin a shekara ta 123 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga nan a wuce Port d'Alcúdia da Platja de Muro, a bi gefen dausayin s'Albufera zuwa Can Picafort, sannan a juya cikin ƙasa ta Muro da Sa Pobla, inda gonakin dankali suke, a dawo masauki. Amfanin wannan rana shi ne a saba da keken, a kuma fahimci halin iska. Idan rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi, iska kan taso daga teku ta nufo cikin tsibirin, mutanen wurin suna kiranta embat, kuma wanda ya yi nisa cikin ƙasa da safe zai tarar da ita a gabansa a hanyar dawowa. Saboda haka a rage ƙarfin da za a dawo da shi.

Rana ta biyu a nufi Cap de Formentor, tsinin ƙasar da ya kutsa cikin teku a ƙarshen arewa. Zuwa da dawowa daga Port de Pollença kimanin kilomita 40 ne kawai, amma jimillar hawan ta doshi mita 1,000, kuma babu wani sashe mai tsawo da ya miƙe a shimfiɗe. Ana barin gari sai hawa ya fara, kusan kilomita huɗu, har zuwa wurin tsayawa na Es Colomer, inda ake leƙa teku daga saman dutse. Daga nan a gangara cikin dajin itatuwa zuwa kusa da bakin ruwa, a sake hawa, a ratsa wani rami mai duhu wanda shi ne dalilin ɗaukar fitila, har a isa hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka fara kunnawa a 1863. A wannan hanya a yi hattara da awakin daji, waɗanda kan tsaya a tsakiyar kwalta bayan kwana ba tare da tsoron kowa ba. A watannin zafi hukuma kan taƙaita shigar motoci masu zaman kansu da rana, amma duk da haka fitar sassafe ta fi.

Idan ƙafa ta saba, sai a shiga Tramuntana sosai. Daga garin Pollença titin Ma-10 yana hawa Coll de Femenia, wata mashiga a tsakanin tsaunuka mai tsayin mita 515 daga matakin teku, ya kai mahayi Lluc, wurin ibadar Kirista da ya samo asali tun ƙarni na 13, inda ake samun ruwa da abinci. A dawo ta Coll de sa Batalla, a gangara zuwa Caimari mai gonakin zaitun, sannan a bi siririn titin kwarin Campanet. Wannan zagaye shi ne ma'aunin da mutum zai gane ko ya isa ya tunkari Sa Calobra.

Sa Calobra ta bambanta da yawancin hanyoyin tsibirin a abu ɗaya da ya kamata a yi masa dogon tunani: titin ba ya wucewa ko'ina, a bakin teku ya ƙare, don haka gangarawa ake fara yi, hawa ya biyo baya. Daga mashigar Coll dels Reis, mai tsayin mita 682, titin yana sauka kimanin kilomita tara da rabi ta cikin kwanoni 26 masu kaifi, ciki har da wurin da ake kira Nus de sa Corbata, inda kwalta ta naɗe ta bi ta ƙarƙashin kanta. Injiniya Antonio Parietti, wanda shi ne ya tsara titin Formentor, shi ya tsara wannan ma, aka kammala shi a 1932, kuma wanda ya bi shi a kan keke zai ga yadda aka lallaɓa dutsen aka bi shi yadda yake. Duk mitar da aka sauka cikin daɗi sai an biya ta da gumi, domin matsakaicin hawan kashi 7 cikin 100 ne, wato a kowace mita 100 ta tafiya ana hawa mita bakwai, rabin sama ya fi na ƙasa tsanani, kuma inuwa kaɗan ce. Ga wanda ya taso daga Port de Pollença, ranar gaba ɗaya ta kai kimanin kilomita 100 da hawa fiye da mita 2,000.

Hanyar da ta fi aminci ita ce mahayi ya tsaya a saman Coll dels Reis ya tambayi kansa gaskiya, in ƙafa ta riga ta yi nauyi ya juya daga nan. Idan zai sauka, ya yi ƙoƙarin gama gangara da hawa kafin tsakar rana, domin daga hantsi manyan motocin safa na masu yawon buɗe ido suke fara saukowa, kuma a kwanonin nan sukan cinye titin duka. A gangara a matse birki kafin a shiga kwana, a sassauta shi a cikinta, hannuwa a ƙasan kan keken, ido a inda ake son zuwa. A hawa kuwa a fara da giya mai sauƙi tun daga ƙasa, a ci wani abu kafin yunwa ta zo, a bar waɗanda suka wuce da gudu su tafi abinsu.

Hanyar da a ganina ta fi kowace kyau ita ce titin Ma-10 daga Andratx, a kudu maso yammacin tsibirin, zuwa Pollença, kimanin kilomita 110, kuma akwai motocin da ke kai mahaya da kekunansu Andratx da asuba domin su tuƙo zuwa arewa. Titin yana rataye a jikin dutse, teku a hannun hagu, ya bi ta Estellencs da Banyalbufar, ya wuce kusa da Valldemossa, ya ratsa Deià ya sauka Sóller. A Banyalbufar za a ga gonaki hawa-hawa da aka tokare da katangun dutse, da magudanan ban ruwa waɗanda tushensu ke komawa zamanin da Musulmi suka mulki tsibirin daga 902 zuwa 1229, kuma wannan aiki na cikin dalilan da suka sa UNESCO ta sanya Tramuntana cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. A cika gora a ci abinci a Sóller, saboda daga nan ne hawa mafi tsawo a tsibirin yake farawa, kusan kilomita 14 a gefen tsaunin Puig Major, kafin a ratsa rami a fito wajen madatsun ruwa na Cúber da Gorg Blau. A can sama sanyi yakan kama jikin da ya jiƙe da gumi, nan ne rigar tare iska take amfani. Wanda bai shirya wa tafiyar duka ba ya raba ta biyu, ya kwana a Port de Sóller.

Kudu da gabas sun fi sauƙi, sun kuma dace da ranakun hutun ƙafa. A Palma, babban birnin tsibirin, akwai hanyar keke da ke bin bakin teku har s'Arenal, kusa da Felanitx akwai hawan Sant Salvador mai kimanin kilomita biyar, daga Artà kuma wani siririn titi yana kaiwa Ermita de Betlem, wani keɓantaccen wurin ibadar Kirista. Wanda zai zo a ƙarshen Afrilu ya binciki ranar gasar keke ta Mayorka 312, wadda ake yi tun 2010, domin a ranar akan rufe titunan arewa da na Tramuntana da dama na sa'o'i masu yawa, kuma masauki da kekunan haya kan ƙare tun makonni kafin ta.