Yadda za ka ga tsuntsayen tabki a kan hanyarka ta zuwa aiki a Damagaram

Damagaram ba ta da kogi mai gudu shekara duka. Abin da muke da shi tabkuna ne da ruwan damina ke cikawa daga Yuli zuwa Satumba, sai kwarin Korama can kudu, wajen Matameye da Magarya. Tabkin da kake wucewa kullum a kan moto ko kabu-kabu ya ishe ka, in ka san yadda ake tsayawa.

Ka fito minti goma kafin lokacinka. Daga fitowar rana zuwa ƙarfe bakwai da rabi tsuntsaye ke kiwo. Da masu wanki da masu shayar da dabbobi sun iso, sai tsuntsayen su ja tsakiyar ruwa. Ka tsaya rana tana bayanka, wato gefen gabas da safe, yamma in kana komawa gida. In ka fuskanci rana, baƙin inuwa kawai za ka gani. Ka kashe moto, ka bar taku talatin tsakaninka da bakin ruwa, ka jingina da itace ko dutse. Kada ka nuna da hannu. Zakaran ƙeƙuwa ne ke fara ganinka, kuma in ya yi kuka, sauran duk sun tashi.

Wuri ɗaya za ka riƙe, domin yawan ruwan ne ke sauya tsuntsayen da ke zuwa. Shamuwa na zuwa gab da damina, ta tafi kudu wajen Oktoba. Tabki na cike, za ka ji fiton kirinjijiya kafin ka gan ta cikin bado. Amma lokacin da ya fi daɗi shi ne hunturu, ruwa ya ja ya bar laka: ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da suka ƙetaro Sahara daga Turai suna caka baki cikin taɓo har zuwa Maris. Dubi zalɓe da kyau a nan. Yakan daskare cikin ruwa iya gwiwa, wuya a lanƙwashe, sai ya harba baki sau ɗaya, ya juya kifin ya haɗiye ta kai don ƙaya kada ta tsaya masa.

Ko tabki ya ƙafe, akwai rai a ciki. Gaiwa na binne cikin busasshiyar laka tana shaƙar iska har ruwa ya dawo.

Kada ka sa ƙafa a ruwan, ko don alwala. Ƙananan katantanwar ruwa na ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Kuma ledar da aka jefa a kwata can Birni ko Zango, ruwan sama tabki yake kai ta.

Ranar hutu, in kana son babban ruwa, ka bi hanyar Miriya zuwa tabkin Gidimuni.