Yadda ake saita bindigar farauta mai baki biyu da zaɓen harsashinta

Bindiga mai baki biyu, irin mai zare a cikin bututu, tun daga maƙera ake ɗaura mata aure da harsashi iri ɗaya. Maƙerin yana haɗa bututun biyu da dalma, ya yi ta gwaji yana gyarawa har su riƙa faɗawa wuri guda, galibi a nisan mita 50. Saboda haka kafin ka taɓa saiti, wato 'yan ƙarafan da ke saman bindigar gaba da baya waɗanda ake auna harbi da su, nemo wannan harsashin. Duba takardar gwajin da ta zo da bindigar, ko rubutun da ke ƙarƙashin bututun. Misali, bindiga mai cin harsashin da ake kira .470 Nitro Express an saba daidaita ta da kan harsashi mai nauyin giram 32.4, mai gudun kusan mita 655 a daƙiƙa, mai cin 9.3x74R kuwa da mai giram 18.5.

Kafa allon gwaji biyu a mita 50, ɗaya na bakin dama, ɗaya na hagu, da tudun ƙasa a bayansu. Toshe kunnuwanka. Kada ka ɗora bindigar kai tsaye a kan buhun yashi, kada kuma ka ɗaure ta a maƙali. Riƙe ta da hannu, ka kwantar da bayan hannunka a kan buhun, gindinta a kafaɗa kamar yadda za ka yi a daji. Harba dama, ka bi da hagu cikin daƙiƙa 10, sannan ka buɗe ta har ƙarfen ya huce sarai. Yi haka sau uku.

Nan ne aikin yake. Bakin dama yana fizgar bindigar zuwa dama tun harsashi bai fita ba, na hagu zuwa hagu, shi ya sa aka ɗan karkata bututun suna fuskantar juna. In harsashin ya cika sauri ko rashin nauyi, zai fita kafin fizgar ta kammala, sai ka ga ramin dama ya tsallake hagu, na hagu ya koma dama. In ya cika nauyi ko jinkiri, ramukan sai su yi hannun riga. Duka biyun ba laifin saiti ba ne, harsashi za a sauya. Tazarar santimita 5 tsakaninsu a mita 50 ta wadatar.

Sai sun haɗu tukuna za ka matsar da saitin baya zuwa wajen da kake son harbin ya koma. In yana tashi sama, a sa ƙwayar saitin gaba mai tsayi. Madubin hangen nesa yana ƙara nauyi, yakan ɓata haɗuwar, don haka a sake gwaji bayan an ɗora shi.

Harsashi mai taushin kai da mai taurin kai, gwada kowanne daban ko da nauyinsu ɗaya. Tsohuwar bindiga mai siririn bututu kada a ba ta kan da aka yi da zallan jan ƙarfe sai maƙeri ya duba, domin yana iya takura ƙarfen har dalmar ta saki. Harsashin da ya dace kuwa, saya da yawa daga ƙira ɗaya, ka duba lambar da ke jikin kwalin.