Yadda ake zana hoton yaro a salon masu zanen ƙauyukan Amurka na da

Daga wajen 1790 zuwa 1850, kafin kyamara ta kashe musu kasuwa, akwai masu zane da ke bin garuruwan arewa maso gabashin Amurka suna zana 'ya'yan manoma da 'yan kasuwa. Yawancinsu ba su yi makarantar zane ba. Ammi Phillips (1788 zuwa 1865) ya fi shahara, sai Joshua Johnson, baƙar fata daga Baltimo. Abin da ke rikita mai koyo shi ne rashin inuwa a hotunansu, har ya ɗauka kasawa ce. Sau da yawa zaɓi ne. Ɗaya daga cikinsu, William Matthew Prior, ya yi talla a 1831 cewa mai son hoto marar inuwa zai biya rubu'in kuɗi kawai.

Nemi filawud mai santimita 60 da 50, ka goge shi da samfefa, ka shafa farin fentin share fage sau uku, kana gogewa bayan kowace shafa ta bushe. Shafa bayan katakon ma. In ka bar shi tsirara, ɓangare ɗaya ne zai sha danshin damina, hunturu na zuwa ya lanƙwashe.

Kan yaron shi ne aikin. Na yaro ɗan shekara uku ya kai kusan ɗaya bisa biyar na tsayinsa, masu zanen kuma sukan ɗan ƙara masa girma. Sa idanu a tsakiyar kai ko ƙasa kaɗan, manya, suna kallon mai kallo. Da ka ɗaga su sama, dattijo ka zana a jikin yaro. Launin fata a haɗa ruwan ƙasa da ja da ɗan rawaya, a shimfiɗa bai ɗaya, inuwa kaɗan a gefen hanci da ƙarƙashin haɓa. Kada ka sa baƙi don duhunta fata, toka-toka take komawa.

Riga launi ɗaya mai ƙarfi, bango mai duhu ba ado. Dubi yarinyar Phillips mai jar riga da kyanwa da kare, ta wajen 1830 zuwa 1835: rigar kamar an yanka ta da almakashi an manna, amma tsarkiyar murjanin wuyanta an bi ta ƙwaya ƙwaya da siririn burushi. A can ana sa wa yara murjani don tsari daga cuta. A nan Sakkwato ba sai an nema da nisa ba: kayan Sallah, murjani, lalle, ɗan jar akuya a gefe.

Abin da yaro ya riƙe yana magana. Maza da mata duk riga mai kama da ta mata suke sawa suna ƙanana, don haka tsagar gashi ke bambanta su, mace a tsakiya, namiji a gefe. Bulala ko ganga ta namiji ce, 'yar tsana ta mace. Fure mai sunkuyar da kai ko jirgin ruwa da ke nisa yakan nuna yaron ya rasu, domin iyaye kan sa a zana bayan mutuwa. Kada ka kwafo irin wannan don kawai ya yi maka kyau.

In fentin mai kake amfani da shi, shafar farko a tsinka ta da tina, wato ruwan tsinka fenti, ta sama ta fi mai. In ka juya, ta sama za ta riga bushewa ta tsage. Akirilik kuwa, fentin da ake tsinkawa da ruwa, a zafin Afrilu bushewa yake a kan burushi, sai ka matso kaɗan kaɗan kana fesa ruwa. Lokacin hunturu jingina hoton fuskarsa na kallon bango, da ɗan tazara, saboda ƙurar da ta kama ɗanyen fenti ba ta fita. Banish, wato shafar ƙyalli ta ƙarshe, a kan fentin mai sai bayan wata shida.