Kurakuran da Ke Korar Ƙudan Zuma Daga Lambu

Da zarar hunturu ya kama aka shiga noman rani, sai ka ji sababbin masu lambu suna kukan cewa kankana ta yi fure amma ta ƙi ɗauka, ko kuma 'ya'yan sun fito a karkace. Su zargi iri, su zargi taki, alhali da hannunsu suka kori ƙudan zuma.

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne feshin maganin ƙwari da safe. Kankana da kabewa da gurji suna fitar da fure iri biyu a jikin yabanya guda, namiji da mace, kuma na macen shi ne mai ɗan ƙululu a gindinsa. Garin furen namijin yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa, sai ƙudan zuma ya kwasa a jikinsa ya kai, kuma sai ya sauka a kan furen mace sau da dama kafin ɗan ya cika sosai. Furen da sassafe yake buɗewa, kwana ɗaya tak yake yi, saboda haka wanda ya goya tankin feshi da hantsi ya zuba guba ne daidai lokacin da ake yi masa aiki kyauta. Wannan ya taɓa cinye mini kakar kankana sukutum: washegarin feshi na tarar da ƙudan zuma zube a ƙarƙashin ganye, ƙafafu a ƙudundune, harshe a waje, bayan mako guda kuma ƙululan suka yi rawaya suka kakkaɓe. Ƙa'idata a yanzu ita ce babu feshi idan fure ya yi yawa, in kuwa ya zama dole, sai dab da magariba bayan sun koma gida, kuma ba a ranar da iska ke kaɗawa ba. Ku riƙa karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, domin a 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da maganin ƙwari mai suna imidacloprid da wasu magunguna biyu 'yan uwansa a filin gona saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Na biyu shi ne ruwa, kuma ina mamakin masu shayar da shuka kullum su manta da mai yi mata barbara. Bokiti cike da ruwa tarko ne, a ciki suke nutsewa. Ni kasko nake ajiyewa a inuwa, in zuba tsakuwa har ta leƙo saman ruwan, ba na kuma canja masa wuri, tunda sun saba da inda suka fara sha.

Ku daina sare gawo da zogale da sunan share wuri, domin gawo da rani yake fure, lokacin da daji ya bushe. Ku bar ɗoɗɗoya da wasu kawunan albasa su yi fure a gefen fangali. Kada ku ajiye musu zumar kasuwa, tana iya ɗauko cuta. Idan kuma taron ƙudan zuma ya sauka a reshen mangwaro, haramun ne a wurina a cinna masa wuta. A janye yara da dabbobi, a kira mai amya ya zo da yamma ya kwashe su.